Kafaɗar Ataa Kwei

Ranar Talatar da kakana Garba ya rasu ina aji uku, muna buga ƙwallon tsumma a bakin babbar kwatar unguwarmu Nima. Innata ta fizgo ni ta kunne. "Ruga bakin teku ka kira Ataa Kwei. Ka ce bayan azahar za a kai shi."

Kaka ɗan dako ne tun zamanin Turawa, buhunan koko yake ɗauka daga sito zuwa kwale-kwale. Suna da ƙungiya, Hausawa da Zabarmawa da mutanen Ga, da alkawari guda: duk wanda ya mutu, kafaɗar 'yan ƙungiya ce za ta kai shi kabari, ko masallaci yake zuwa ko coci. Da suka shiga yajin aiki, gwamnati ta ce wannan ba maganar albashi ba ce, siyasa ce, ta haramta ƙungiyar, aka kori masu taurin kai. Kaka bai sake samun aiki a bakin ruwa ba. Ataa Kwei, abokinsa, mai 'ya'ya birjik, ya sunkuyar da kai ya koma. Daga nan Kaka bai ƙara gaishe shi ba.

Amma bai yar da alkawarin ba. Bayan idonsa ya mutu, ni nake ja masa sanda in na gama layin famfo da kankare wa Inna tukunyar waakye, wato shinkafa da wake. Mun je jana'iza Maamobi, mun je Sabon Zongo, yana dafe da makara yana haki. "An hana mu taro," in ji shi, "ba a hana mu mutuwa ba." Haka ya raka su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai mutumin da ba ya yi wa magana. Da ciwo ya tsananta ya ce wa Inna, "Ko shi ne, ku kira shi."

Na tarar da Ataa Kwei yana ɗinkin ragar kifi. Da na faɗa masa, da Hausarsa ta bakin ruwa ya ce, "Ina zuwa, yaro. Amma ba haka ba." A wurinsu mutanen Ga ba a zuwa makoki sai da baƙin zane, nasa kuwa yana gidan ƙanwarsa. Na ce, "Ataa, mu fa ba ma jira!" Ya ce shekara da shekaru Garba na raina shi, ba zai je masa da gajeren wando ba.

Muka biya gidan ƙanwar, muka tsaya jiran trotro, motar haya. Da muka isa maƙabarta, har ana yayyafa wa kabarin ruwa. Maƙwabta ne suka ɗauke shi. Tsohon ya tsaya cikin baƙin zanensa mai warin akwati, kafaɗarsa ta dama a buɗe, duk ta yi kanta, yana ta shafa ta. Bai yi kuka ba. Ni na yi.

Yau ni ma dako nake yi a Kasuwar Malam Atta, bayana ya fara gardama. Ba mu da ƙungiya, kuma ba wanda ya hana mu, mu ne dai ba mu yi ba. Gawa ma yanzu mota ke kai ta. In tawa ranar ta zo, ban san wa zan ce a kira ba.