Mun Je Ɗauko Uwar Maƙerar Kaka

Mun tashi da asuba daga Gyaɗi-Gyaɗi, ni da ƙanena da abokinsa mai na'urar gano ƙarfe, kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin Baba. Baba maƙeri ne, ɗan maƙeri. A jinyarsa ta ƙarshe ya ce mini uwar maƙerar mahaifinsa, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, tana nan a tsohon kangonmu na ƙauye. "Ka ɗauko ta," iyakar abin da ya ce ke nan. Sai muka ji wanda ya sayi kangon zai zuba kankare ranar Asabar. Mu kuwa Alhamis muka tashi.

Adaidaita ta bi da mu ta Tarauni zuwa tashar Unguwa Uku, muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ɗan kamasho ya ga na'urar a buhu ya ce, "Malam, wannan sandar ai fasinja ce, kujera guda." Da ƙyar ya bari muka rungume ta. Hanya lafiya lau, gero ya fid da kai hagu da dama. Mai na'urar bai yi shiru ba har muka sauka, wai tana jin ƙarfe ko zurfinsa ya kai tsayin mutum. A yashin bayan gidansu ya gwada ta.

Yana kunna ta a tsakar kangon ta ɗauki kuka. Na yi kabbara! Muka haƙa, sai kashin maƙera, baƙin tarkacen da wuta ke barwa. Gaba kaɗan, kuka. Gefe, kuka. Ƙasar wurin jar marmara ce mai ƙarfe a jikinta, ga tarkacen kaka da kakanni a kai. Ya rage mata ƙarfin ji, ta daina ihu, amma ta kurmance. Muka binne ruwan fartanya kamu ɗaya, da ƙyar ta yi ƙara. Muka ƙara taƙi guda, shiru. Ashe mun kawo mai jin ƙarfe gidan da ƙasarsa ma ƙarfe ce.

Azahar ta yi, muna zaune jugum, wata tsohuwa maƙwabciya ta kawo mana fura. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Goshin nan na babanka ne. Allah ya jiƙansa." Sannan ta dubi ramukanmu ta yi dariya. "'Yan birni! Wa ya ce muku ana ƙira a cikin gida, gaban mata? Maƙera a ƙofar gida take." Ta nuna wani tudu kusa da kututturen durumi. "Nan kakanku yake zama, bayansa a jikin katanga. Katangar ce ta faɗa a kai."

Muka kwashe ƙasar tudun har kusan gwiwa. Mai na'urar ya saita ta da ƙasar wurin, ya bi a hankali. Wannan karon ƙarar daban ce, mai kauri, a waje ɗaya tak. Sara na uku fartanya ta ce ƙal! Ƙanena ya zube yana tona da hannu. Ga ta nan, tsatsa ta ci gefenta, samanta kuwa sumul. Na shafa ta da tafin hannuna.

A hanyar dawowa wani ɗan kamashon ya ce ƙarfen nan kujera guda ne. Ban yi musu ba, na ce a ba shi ta kusa da ni.

Mun iso Gyaɗi-Gyaɗi ana kiran magariba. Abin da na koya, duk wanda zai yaba maka zurfin na'ura, ka tambaye shi a wace ƙasa ya gwada ta, kuma ka gaida tsofaffin gari kafin ka soma haƙa. Muka ajiye uwar maƙerar a zaure, inda Baba yake shimfiɗa buzunsa. Inna ta fito ta ɗora hannu a kanta, ta ce, "Sannu da zuwa."