Biyu ga Janairu

Ban yi boko ba. Na yi dako, na yi acaɓa har na karye a ƙafa, na koma gonar ubana a hanyar Gitata. Mutum bai taɓa ba ni tsoro ba. Injin da ban taɓa gani ba ne ya wahalar da ni.

Daminar bara ƙungiyarmu ta manoma ta ce ba taki sai ga wanda ya yi rajista ta intanet. Masarata ta fara yin rawaya. Na taka daga unguwarmu Yara zuwa Sabon Gari, shagon wata mata mai kwamfuta.

"Baba, gonarka hekta nawa?"

"Noman kwana huɗu, mutum biyu."

"Ni na gane, shi ba zai gane ba."

Ta ce abin da muka tura wani inji ne can nesa yake kwancewa, ya jefa kowace amsa a gurbinta. Gurbin lamba, lamba kawai yake ci. Ta sa biyu.

"Ranar haihuwa?"

"Uwata ta ce lokacin cirar gyaɗa."

Ta dubi furfurata, ta yanka min shekara, ta sa ɗaya ga Janairu. Haka take wa duk marar takarda. Ta tura. Jan rubutu ya dawo.

"Wai ka riga ka yi rajista."

"Ƙarya yake."

Sau uku ina zuwa kafin ta gano. Ɗan baffana ya riga ni zuwa shagon. Sunan kakanmu aka sa mana mu biyu, sunan gida ɗaya, unguwa ɗaya. Shi ma furfurarsa ta duba.

"Gaya masa mu biyu ne. Wancan gajere ne."

"Baba, ba gurbin gajere."

Saura kwana ɗaya a rufe. Na ce ta sa duk abin da zai ci. Ta taɓa wani abu, rubutu ya yi kore.

Ranar rabo ɗan baffan nan ya karɓi takardata. Ya iya karatu. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Biyu ga Janairu! Ƙanena, durƙusa ka gai da yayanka."

Damina uku na ba shi. Ni na koya masa riƙon fartanya. Na saɓa buhuna.

Masara ta yi. Har yau ƙanena yake ce min, ko a gaban surukaina.