Muryar Baba a Faifai

Mahaifina falken shanu ne. A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa ya tafi aikin hajji, daga can ya aiko da kaset ta hannun wani maƙwabci da ya riga shi dawowa. A ciki ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya gargaɗi Inna kada a sayar da bijimin nan mai farin goshi. Ya dawo lafiya, ya yi shekaru, sannan Allah ya yi masa rasuwa. Kaset ɗin ya zauna a akwatin Inna.

Wajen ƙarshen mulkin soja ina da ɗan shago a Sama Road, da kwamfuta guda, ina buga wa mutane takardu. Wata safiya Inna ta aika a kira ni gida, Runjin Sambo. Na tarar rikoda ta cinye zaren kaset. Na zaro shi a hankali, na naɗe da biro, amma wani wuri ya yamutse, muryar Baba tana rawa a nan kamar mai magana cikin ruwa.

"Wanga abu naka na kwamhuta," in ji Inna, "ba shi iya tsare min muryatai?"

Na ce yana iyawa, alhali ban taɓa gwadawa ba.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. Na ji ana maganar raita, wata na'ura da ake ɗaurawa a cikin kwamfuta, ta ɗora sauti ko takardu a faifan sidi. A duk layinmu mutum ɗaya ke da ita, wani dattijo mai saro kaya daga Legas. Guda biyu ya ajiye a gilashi. Ɗaya mai sauri ce, kwalinta sai ƙyalli. Ɗayar mai nawa ce, kwalin ma ya koɗe.

Wani abokina mai gyara ya ce mai saurin za ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata, ta riƙa ɓata faifai. Maƙwabcin shagona kuma ya ce a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wa zai sayi mai nawa? In na ji wannan in yarda, in na ji wancan in juya. Har na buga wa wani malamin makaranta wasiƙa, na maimaita layi ɗaya sau biyu. A gida matata ta ce ina barin tuwo rabi in miƙe, kamar ana kirana a waje.

Zuwana na biyar dattijon ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, kullum ka ɗauka ka aje. Wai mi za ka ɗorawa?"

"Muryar mahaifina ce. Ya rasu."

Sai ya turo min mai koɗaɗɗen kwalin.

"Ɗauki wagga. Aikinka ba na gaggawa ba ne."

Na kwance bayan kwamfuta, na cusa raitar a gurbinta, na haɗa faffaɗar wayar nan mai kama da ɗamara. Sau biyu ina kunnawa kwamfutar ba ta gan ta ba, sai da na matsar da wani ɗan fil a bayanta da matsefata. Na jona rikoda, muryar Baba ta shiga kwamfuta. Na sa faifai, aiki ya kai rabi, aka ɗauke wuta. Faifan ya tashi a banza.

Lokacin wahalar mai ne, janareto a bushe. Na tsiyaye abin da ke tankin babur ɗina na zuba masa. Faifai na biyu na juyawa, ni kuma ina kai da kawowa tsakanin ƙofa da tebur, ina sauraron ko injin zai yi tari. Bai yi ba. Na'urar ta turo faifan waje, da ɗuminsa.

A nan na tuna gidanmu ba abin kunna sidi. Na tari tasi na ɗauko Inna, wadda ba ta taɓa taka shagona ba. Ta zauna a bencin masu jira, ta gyara mayafi, na kunna. Baba ya yi sallama. Ta amsa masa a hankali.

Da aka zo wurin da ya yamutse, muryar ta yi rawarta yadda take.

"Nan ba ka iya gyarawa?"

"A'a, Inna. Yadda ya shiga haka zai zauna."

Ta gyaɗa kai, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce in yi wani in kai wa goggo, ƙanwar Baba, a Dundaye. Na ce ai ita ma ba ta da abin kunnawa.

"Kai mata dai," in ji ta. "Ɗan'uwanta na. Ta aje wurinta."