Zanen Shuni a Bikin Sunita

Ranar wata Asabar ta hunturu, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, Mama ta jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado a flat ɗinmu na council, gidan hayar hukuma, da ke Plumstead. Ana yayyafin nan na Landan mai kashe jiki, tagogi duk sun yi raɓa. Akwatin nan ban taɓa ganin cikinsa ba, ko zama na yi a kansa sai an kore ni. Ta ɗaga atamfofi da lesuka, ta fito da wani ƙunshi cikin tsohuwar takarda, ta warware shi a hankali. Zanen saƙi ne baƙi, amma idan haske ya taɓa shi sai ya yi ta walƙiya kamar wuyan tantabara. Na kai hannu na shafa, yatsuna suka yi shuɗi, na ƙwala ihu da Turanci cewa zanen ya lalace. Mama ta harare ni ta ce, "Kanki ne ya lalace, 'yar Landan. Shuni ne." Mahaifinta marini ne a Kura, shi ya rina mata zanen da hannunsa, ya kai wa mabuga suka buga shi lokacin aurenta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaura shi ba, don tana ganin ya fi ƙarfinta. Ran nan ta ce shi za ta kai gudummawa bikin Sunita, 'yar maƙwabciyarmu Anti Kamla.

Sai an san zaman da Mama ta yi kafin Anti Kamla za a gane wannan kyauta. Baba ma'aikacin jinya ne, aikin asibiti ya cinye masa lokaci. Mama ta zo ƙasar nan ba Turanci, ba dangi, ta fito daga gidan da ake cin tuwo mutum cike da tsakar gida ta faɗo cikin ɗakuna biyu a bene. Na sha dawowa makaranta in tarar da ita tsaye a taga tana kallon motocin bas. Anti Kamla ƙofarta na kallon tamu. Mutuniyar Jodhpur ce ta ƙasar Indiya, mijinta ya rasu tun Sunita na ƙarama, kuma ita ke raba mana abinci a makaranta. Mace ce mai surutu da son launi, ja da ruwan hoda da rawaya a jiki ɗaya, ga awarwaro har gwiwar hannu. Wata rana ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwanon wake da gurasarsu. Mama ta ce ba a mayar da kwano wayam, ta cika shi da funkaso. Ashe su ma haka al'adarsu take, don haka kwanon nan bai ƙara hutawa ba. Anti ce ta koya wa Mama lambobin bas, ta kai ta kasuwar Woolwich ta nuna mata mai sayar da kuɓewa, ita ce kuma ta riƙe mata hannu a asibiti ranar da aka haifi ƙanena. A duk Ingila Mama ba ta da wata ƙawa sai ita.

Ni ce na sha wahalar wannan ƙawance, domin ni ce tafinta. Ina tsakiyar tsallen igiya ko 'yar gala-gala a filin da ke ƙasan benenmu, tare da 'ya'yan mutanen Ghana 'yan zango, sai in ji daga sama, "Ummi! Zo ki ji me take cewa!" In hau ina kumbure-kumbure, in tarar maganar ba ta wuce yadda ake jiƙa shinkafa ba. Daga nan kuma sai a haɗa ni da wanke-wanke da kai shara, tunda na riga na hau.

Da Anti ta ce a gidan dangin mijinta a Jodhpur za a yi bikin, kuma ƙafarta ƙafar Mama, Baba bai yi gardama ba. Ya ce, "Na yi booking, ku biyu za ku je. Ni ba a ba ni leave ba, yaro kuma na kula da shi." Mama ta sa zanen a jakar hannunta, ta rungume ta tun daga Landan har muka sauka.

Abin da ya fara ba mu mamaki ba garin ba ne, Anti ce. Matar da muka sani da ja da rawaya ta tare mu cikin wani kaya ruwan toka da ya kwana biyu, hannunta fayau ba awarwaro, muryarta ma ta ragu. A babban gidan nan mai tsakar gida da ginshiƙai, uwar mijinta ce ke mulki, wata tsohuwa da kowa ke kira Dadi. Bikin 'yar Anti ake yi, amma kullum tana can baya jikin ginshiƙi. Sunita ta gaya mini cewa a gidajen da suka riƙe al'ada irin nasu, matar da mijinta ya rasu ba ta ado, ba ta kuma shiga gaba a sha'anin aure. Da na fassara, Mama ta kama baki ta ce, "Su takabarsu ba ta ƙarewa ke nan?"

Kafin a shiga hidima aka kai mu tsohuwar fadar sarakunan Rajput da ke bisa dutse. Muka yi ta hawa har Mama ta ce gwiwarta ta yi sallama. Mun ga takubba, da rawuna kala-kala, da gadajen jarirai masu lilo, da ƙananan zane-zane waɗanda sai ka sa ido sosai za ka ga har gashin girar mutum an zana. A kasuwa kuma ga dukawa na ɗinka takalma masu lanƙwasasshen baki, Mama na ɗagawa tana duba ɗinkin tana cewa na Kano ba su fi su ba, kuma daga bakinta wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Amma abin da ya tafi da ita shi ne lokacin da muka leƙa daga kan ganuwa muka hango tsohon garin a ƙasa, gidaje bisa gidaje duk an shafe su da shuɗi. Ta dafa kafaɗata tana murmushi. "Kin gani ko? Mutanen da har bangonsu suke rinawa, ai su suka san darajar shuni." Ta sauko daga dutsen nan tana jin babu wanda ya kai ta iya zaɓen kyauta.

Ranar lalle mata suka cika tsakar gida, ana kiɗa ana waƙa, Mama har tana rausaya don abin ya yi kama da na gida. Aka fara baje kyaututtuka a gaban Dadi, duk ja da rawaya da ruwan zinariya. Da aka zo kanmu, Mama ta tashi da kanta, ta warware zanen, ta yafa wa Sunita a kafaɗa tana sa mata albarka. Kiɗa ya tsaya cak. Dadi ta daka wata tsawa, wata mata ta fizge zanen ta yar a ƙasa, ga shuni ya riga ya ɓata kafaɗar rigar amarya. Wata budurwa ta sunkuyo ta gaya mini da Turanci cewa a wurinsu wannan launin na makoki ne da na matan da suka rasa maza, yafa shi ga amarya kamar yi wa ango fatan mutuwa ne. Mama ta ce, "Ummi, me suka ce?" Ban taɓa tsanar aikin tafinta kamar ran nan ba, amma na faɗa mata. Fuskarta ta mutu. Ta dubi aikin mahaifinta a ƙasa kusa da takalman mutane, ta kama hannuna ta ce, "Tashi mu tafi." Ko a lokacin na san idan muka fita daga gidan nan a haka, za mu koma Plumstead ne ƙofa na kallon ƙofa ba mai ƙwanƙwasawa.

Ba mu kai zaure ba sai Anti ta taso daga jikin ginshiƙinta. Ta ratsa tsakiyar matan nan, wurin da ba a so ta taka, ta ɗauki zanen ta kakkaɓe, ta kai shi goshinta, sannan ta lulluɓa da shi tun daga ka. Ta yi wa Dadi magana da yarensu, ba da ƙarfi ba, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Sai ta juyo gare ni. "Gaya wa Mamanki, tunda na zo gidan nan ba wanda ya tambayi abin da uwar amarya za ta sa. Ita kaɗai ta kawo mini, kuma babu mai irinsa a wurin nan." Dadi ta dube ta daga sama har ƙasa, sannan ta ɗaga hannu, aka ci gaba da kiɗa. Mama ta san sarai ba don Anti ta kawo zanen ba, ta san rufa mata asiri aka yi, kuma wadda ta rufa ɗin ta taka doka a gidan surukai don ita. Ta zauna a wurin ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba.

Washegari Anti ta ja mu unguwar marina. Musulmi ne, da Mama ta yi sallama suka amsa har da ƙari. Mata na zaune a ƙofar gida suna tsinko yadi da farce suna ɗaure shi da zare ƙulli-ƙulli kafin a tsoma a rini. Mama ta ga sana'ar gidansu, ta tuɓe takalmi ta zauna cikinsu, ta ɗaure bakin wani gyale da hannunta, aka tsoma shi a jan rini, shi ta ba Sunita. Anti kuwa da zanen nan ta gama biki, wuyanta da hannuwanta duk suka yi shuɗi, Mama na tsokanarta wai ta zama Buzuwa.

Yanzu ni ma na yi 'ya'ya, in yi musu Hausa su amsa mini da Turanci. A benenmu na yanzu ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tawa ba, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga gira a lif. Anti Kamla tana gidan kula da tsofaffi a Woolwich. Ciwon mantuwa ya kwashe mata Turancin kaf, ya bar ta da yaren da ta tashi da shi, wani lokaci ko Sunita ba ta ganewa. Duk Juma'a nakan kai Mama wurinta. Sai su zauna hannu cikin hannu, wannan na zuba Hausa, waccan na zuba nata, su yi ta yi har da dariya, ni kuma ina kujerar waje ina marmarin a ƙwala mini kira daga sama. Kwanan baya a hanyar komawa na tambayi Mama wai me suke cewa ne haka, alhali babu mai jin wani. Ta dubi taga ta ce, "Ke dai ja motarki."

Na ja motata, ina kishin tsofaffin nan biyu.