Zanen Bangon Ɗakina

Ranar mu biyar ne a tsakar gida: ni, da babban ɗana, da matarsa tana tsince shinkafa, da birkilan da ya zo duba bango, sai jikata da kwamfutarta a cinya. Ruwan damina ya tsaga bangon ɗakina na ƙasa, an yanke shawarar a shafe shi da siminti ranar Asabar.

Jikata zane take yi a kwamfuta: tambarin shaguna, katin biki, kwalin turare. Wani kamfani a Kaduna ya ce ta kawo kundin ayyukanta su gani kafin su ɗauke ta, fotfoliyo take ce masa. Na zauna ina lura da ita, don ban yarda da aikin da ba ya ɓata hannu ba. Kowane shafi hoto ne, a ƙarƙashinsa ta rubuta na wane ne, da inda ta samo tunanin.

Sai ta juyo da allon wajena. Kwalin turare ne, amma zanen da ke jikinsa na bangona ne, zoben nan da ya sarƙe da ɗan'uwansa har ba a gane farkonsa.

"Iya, wa ya yi na bangon? Dole in rubuta."

"Wani ne," na ce.

"Wani ba shi da suna?"

"Ke dai yi aikinki, uwar tambaya."

Ɗana ya ce ai wani magini ne daga wajen Kufena, haka ya taso yana ji. Ban gyara masa ba. Ta daddanna, ta karanta da ƙarfi: "Ba a san wanda ya yi ba."

Na kalli bangon, sai na ga ƙasar ta koma ɗanya. Na ji ƙamshin makubar da aka shafe shi da ita. Ga ni amarya, an kawo ni Ƙofar Kuyambana lulluɓe, ina leƙen zanen ta ƙasan mayafi, ango kuma yana tsaye bakin ƙofa ya ɓoye hannayensa a cikin riga. Malami ne ɗan malamai, gidansu ba a taɓa laka. Ya jira magina sun tashi, ya shiga da cokalin ƙarfe ya zana bangon. Jar ƙasar da ke ƙarƙashin faratansa ce ta tona masa asiri. Ban tambaya ba, bai faɗa ba, har ya koma ga Allah. A tarbiyyarmu mace ba ta kiran sunan mijinta, balle ta zauna gaban ɗanta tana ba da labarin abin da ya yi mata don so.

Amma abin da ta rubuta ya yi ta damuna har magariba. Siminti zai rufe bangon, hoton nan kaɗai zai rage, kuma zai je har Kaduna da sunan ba a san mai shi ba.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na buɗe akwatina, na ɗauko cokalin daga cikin tsumman da na naɗe shi tun ina amarya. Na sami jikata tana shan koko, na ajiye shi kan kwamfutar.

"Ɗauki hoton wannan ma. Ki goge abin da kika rubuta jiya."

"In sa wa, Iya?"

Na juya mata baya ina gyara ɗankwali. "Kakanki. Ke kin iya faɗin sunan, sai ki rubuta."