Don in hau sama aka ɓata sunan maƙwabcina

Jiya ina cikin auna wa wani manomi daga garin Ƙarfi irin masara, Alhaji Bala maƙwabcin shagona ya shigo, ko sallama bai ƙarasa ba ya miƙo mini wayarsa.

A intanet, ƙarƙashin sunan shagonsa, wasu sun rubuta wai irinsa jabu ne ba ya tsirowa, a zo wurina. Ba mu san ko ɗaya cikinsu ba.

Nan take na gane. Akwai wani da na ba aikin tallata shagona a intanet, ya yi alkawarin duk wanda ya bincika irin shuka a Malumfashi, sunana zai fara gani. Na kira shi a gaban Alhaji.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Malam Sani, ai haka aikin yake. Sai an danne wani kake hawa."

"Mutumin da yake tsare mini shago in na tafi masallaci? Ka goge yanzu, aiki kuma ya ƙare!"

Alhaji ya ce ya yafe. Ga damina ta kusa, manoman da suka karanta wa zai bi su ya ce ƙarya ce?

Abin haushin, wani mai irin wannan aikin talla ne ya fara zuwa wurina, ya nemi hotunan kayana na gaskiya, ya ce aikin zai ɗau watanni kuma ba ya alkawarin zan zama na ɗaya. Na raina shi.

Jama'a, kafin ku ba masu talla a intanet aiki, ku tambaye su ta wace hanya. Akwai wanda aka yi wa irin wannan?