Shafin da Aka Manne da Bango

Duk wanda ya san layin masu buga takardu ya san Baba Mai Gam. Shagonsa ne na ƙarshe, wani ɗan tsukukun ɗaki mai warin gam da tsohuwar takarda, inda ya shafe shekara arba'in yana ɗinke littattafan da suka yage yana yi musu sabon bango. Tsantsenin aikinsa har ya yi yawa. In zare ya ɗan karkace sai ya warware ɗinkin gaba ɗaya, ko da mai littafin na tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo. Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta jure zama da shi ta koyi sana'ar, ita ce kuwa ta sha wahalar littafin ciki.

Littafin nan wani dattijo ne ya kawo gyara, bai sake dawowa ba. An buga shi tun kafin a haifi Baba, takardunsa sun yi ja, kuma kaf ɗinsa nasihar wani likitan da ce kan abinci da motsa jiki da maganin ciwon ciki. Da ma a lokacin ciki ya fara damun Baba, wani zafi ne a ƙasan ƙirji da ke tasowa in ya ji yunwa. Ya karanta littafin, ya yi masa bango mai kyau, daga nan gida ya shiga uku.

Littafi ya ce a tauna kowace loma sau talatin, sai Baba ya riƙa tauna yana ƙirgawa da yatsu, shinkafar da kowa ke gamawa cikin minti goma ta kai shi awa guda. Littafi ya hana shan ruwa ana cikin ci, aka kwashe kofin kowa, har na baƙo. Da ya zo kan taku dubu bayan abinci, Baba ya auna shagon ya ga taku shida ne, ya shiga kai da komowa tsakanin injin matsi da ƙofa. In mai kawo aiki ya yi sallama sai ya amsa da sauri ya ɗaga masa hannu ya jira, don kada lissafi ya ɓace. Ga garin gawayi a ruwan ɗumi kullum safe, ga tafasasshiyar citta, ga tsumma mai zafi a kan cibiya. Dokar da ta fi ƙona wa Auta rai ita ce ta hana ɓacin rai wajen cin abinci, domin lokacin ne kaɗai take samunsa a zaune ta yi masa maganar asibiti.

Wata takwas tana fama. Ta lallashe shi, ta yi fushi, ta haɗa shi da yayyenta a waya. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce likitan littafin ya girmi duk likitocin yanzu, kuma bai taɓa sa kowa bin layi ba. Shi kuwa sai ramewa yake yi. Ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa da basillar aiki, wai taku dubu ne ke nuna amfaninsa. Ran nan Auta ta ga ya dafa teburin yanka ya daɗe a sunkuye, gumi na keto masa, sannan ya zagaya bayan shago ya yi amai, ya kwara ruwa da sauri kafin ta iso. Ta dai ga abin da ya saura a bakin kwata, baƙi ƙirin. Ya ce gawayi ne.

Washegari da ya fita sayo kwali, ta ɗauko littafin da niyyar cusa shi a kwandon shara, komai ta fanjama fanjam. Amma hannun da ya saba da aiki ba ya jefar da littafi bai duba ɗinki ba. Ta buɗe bangon baya, ta ga jimlar ƙarshe ta tsaya a tsakiya, farar takardar da ke manne da bangon kuma ta fi ta gaba kauri. Ta ɗora butar shayi, ta kara bangon a tururi, ta bi da bakin wuƙa a hankali. Farar takarda ta ɗago, a ƙarƙashinta ga shafi mai rubutu.

Shafin ya ce duk nasihar da ta gabata ta masu ƙaramin ɓacin ciki ce. Wanda ciwonsa ya wuce wata guda, ko yake ramewa, ko ya ga baƙin amai, ya ajiye littafin nan ya nemi likita a ranar.

Da fari har dariya ta yi, yau ta kama Baba da kuskure. Sai ta dubi gam ɗin. An shafa shi sumul daga gefe zuwa gefe, babu kumfa ko ɗaya, an kuma rufe da takarda biyu don kada haruffa su nuna. Shi ya koya mata wannan shafin gam ɗin, kuma a shekara arba'in bai taɓa manne rubutu bisa kuskure ba. Nan ta gane da gangan ya rufe shi.

Da ya dawo ta ajiye masa littafin a buɗe a kan tebur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tururin ya yi yawa, ta sa takarda ta kumbura.

"Baba, kun karanta shi kafin ku manne."

"Sau uku," in ji shi. Ya zauna a kan benci. "Mahaifiyarki ma da ƙafarta ta shiga asibitin nan. Ciki ta ce."

Shekara shida ke nan da rasuwar, kuma tun daga ranar Baba bai sake bin titin asibiti ba, ko da zagaye zai ninka masa tafiya. Auta ta san da haka, ta ɗauka tsufa ne da rigima. Tausayi ya kama ta, haushi kuma bai sake ta ba.

"Kwananta ne ya ƙare, Baba. Amma shekara guda ta yi tana ɓoye mana kafin ta shiga, ni nake wanke kwanon da take amai a ciki. Ba zan sake wanke wani ba."

Baba ya miƙe. Ya rufe gwangwanin gam, ya wanke burushi kamar kullum, ya sa takalmi. Ta ce a tsayar da mota, ya ce a'a, bai yi takunsa na yau ba. Suka kama hanya a ƙafa, leɓunansa na motsi yana ƙirgawa.

A ƙofar asibiti ya tsaya cak. Don ta ɗauke masa hankali ta tambaye shi taku nawa suka yi.

"Ban sani ba, Auta. Tun a kwanar farko lissafin ya ɓace mini."

Ta kama hannunsa, ta riƙe shi da kyau suka shiga.